Yaron da ke Cikin Waya

A ɗakin jira na asibitin yara, wani dattijo ya leƙa wayar mutumin da ke gefensa, wanda 'yarsa ta yi barci a kafaɗarsa.

"Malam, me kake ta latsawa haka?"

"Wasan ƙwallon kwando ne na intanet, Baba. Yaron nan nake horarwa. Shekararsa sha tara. Kocin matasan ƙasa yana son sa, amma ya ce sai na gyara masa jifa."

"Ka san shi ƙwarai."

"Har tsawonsa na sani. Ai ni na raine shi."

"Allah ya raya. Ita wannan fa, aji nawa take?"

Mutumin ya dubi yarinyar.

"Sai dai in tambayi uwarta."

"To, ga waya a hannunka."