Amanar Tukwane Bakwai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonai. Jama'a, assalamu alaikum.

Wakilin mai girma Hakimi, ranka shi daɗe. Malamanmu limamai, Allah shi gafarta muku. Shugaban sashen kiwon lahiya da ma'aikatan da sunka shirya wanga taro, na nan Jega da na Aliero da na Maiyama, sannunku da ɗawainiya. Ardo da jama'arka da kunka baro shanu tun da sahe, mun gan ku. Sista Anna, tsohuwar shugabar marigayi a wurin aiki, wadda tay yi wuni guda cikin mota don ta zauna da mu, sannu da hanya. Hajiya Mairo, uwargidan marigayi, da kinka hita takaba makon jiya, Allah shi ƙara miki haƙuri. Ɗiyata Zahra'u, ɗiyar marigayi, da sauran dangi da abokan arziki, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Kalilu, daga Jiga Birni, kuma noman albasa nike yi. Da anka ce ni za ni yi magana a kan marigayi Malam Muhsin, sai nic ce ga likitoci, ga masu digiri, mi za a yi da mai warin albasa? Anka ce ai kai na amininai tun kuna aji ɗaya. Na karɓa, amma da sharaɗin a bar ni in aje wanga abu da kuke gani ruhe da zane a kan tebur. Za mu zo kanai.

Muhsin ya kasance malamin asibiti wanda ba shi gaggawar ba da magani. Kun san halinmu mu mutanen ƙasar ga: in munka zo asibiti ba a soka muna allura ba, to ba a duba mu ba. Muhsin sai shi zaunar da kai, shi taɓa goshinka, shi ja fatar idonka, shi tambaye ka abin da kac ci jiya, sannan shi ce ka koma gida ka sha ruwa ka kwanta. Ni kaina na taɓa hushi da shi kan haka. Nic ce mai, "Tun daga Jiga Birni nib biyo rana a kan babur don ka ce in sha ruwa?" Yac ce, "In kana so in soka ma ruwan da allura, miƙo hannu." Kwana biyu nij ji garau, ban ko gode mai ba.

Ya kasance, shekarar da baƙon dauro yash shiga rugagen da ke bayan Maiyama, shi na wanda yaɗ ɗaura akwatin rigakahi a bayan babur yab bi su ruga ruga har mako shida. A nan yak koyi Fillancin da Ardo ke yi ma dariya har yau. Ardo, ga ka nan zaune, in ƙarya nike ka tashi ka faɗa.

Ya kasance shekara ashirin da takwas shina aiki tsakanin garuruwan nan uku, kuma ba mu taɓa jin wanda yat tashe shi daga cin abinci yac ce a jira shi shi ƙare ba. Wanga duk mun san shi, mun kuma gane shi.

Akwai abu guda game da shi wanda ban gane ba tun shina da rai, kuma yanzu da nike tsaye gabanku ban gama gane shi ba. Shukokin nan nai na cikin tukwane.

Asalinsu daga Sista Anna na. Farkon zuwanai aiki Maiyama tab ba shi wani ɗan tsiro a gwangwanin madara, mai ganye tsaye awa takobi, tac ce shi aje bakin taga. Da anka maida shi Aliero, katihwa na bayan babur, tsiron na tsakanin cinyoyinai. Da anka maido shi Jega, hakanan. Sannu a hankali sai ga tukwane bakwai a ɗakinai: ga mai takobin, ga wata mai yaɗo tana zubowa ƙasa awa wake, ga alobera, ga wata mai faɗin ganye kamar gwaza, sauran ban ma riƙe kamanninsu ba.

Wata rana nit tsare shi. Nic ce, "Muhsin, wagga mi take haihwa?" Yac ce ba ta haihwar komi. "Ana miya da ita?" A'a. "Maganin mi ta?" Yac ce ba magani ba ta. "Akuya na ci?" Yac ce ko akuya ba ta so. Nic ce, "To mi take yi ma?" Yad dube ta, yad dube ni, yac ce, "Tana nan." Shekara ashirin ke nan ina juya wagga amsa, ban same mata kai ba.

Bara, daidai lokacin da muke dashen albasa, ciwo yak kama shi, likitoci sunka ce sai Sakkwato. Yak kira ni gidanai. Hajiya Mairo na haɗa kaya don ita za ta yi jinya, Zahra'u na can nesa wurin bautar ƙasa, gida za a ruhe. Yan nuna mani tukwanen, yac ce, "Kalilu, ga amana. In na dawo in karɓa. In ban dawo ba, sauran ka yi yadda kag ga dama, amma wagga ta Sista Anna ka ba Zahra'u hannu da hannu." Sai yaf fara yi mani bayani, wai kahin in ba su ruwa in sa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in na ji danshi in... Ban bari ya ƙarasa ba. Nic ce, "Ni za ka koya ma ban-ruwa? Shekara arba'in ina cikin fadama. Kai dai tahi ka warke." Yay yi murmushi kawai. Da na san abin da ke cikin murmushin nan, da na zauna na ji sauran maganar.

Jama'a, ga abin da nay yi, kuma ina roƙon manoman da ke nan su gaya mani inda nik kauce, don ni a lokacin komi daidai nig gan shi.

Da nik kai su gida, niz zuba musu ruwa, sai nig ga kowace tukunya na yoyo ta ƙasa. Bakwai duka da huji. Nic ce Allah sarki, malamin asibiti, an sayar mai da fasassun tukwane bai sani ba. Nis samo siminti nit toshe su tsab, don a gonar albasa fangalin da ba shi riƙe ruwa ba fangali ba na. Sannan nic ce wace shuka ta ke rayuwa cikin ɗaki kamar mai jego? Nih hitar da su tsakar gida inda rana ke wuni. Ruwa kuwa sahe da marece, har sai ya kwanta a sama yadda nike yi ma albasa.

Mako biyu sai ganye yaf fara rawaya. To albasa in ta yi rawaya, yunwa take ji. Nid damƙo takin zamani nib ba kowace, nik ƙara da na awaki. Sai sunka ƙara lalacewa. Nik ƙara ruwa. Matata Dije tac ce, "Malam, ni dai a gidan Malam Muhsin ban taɓa ganinsu cikin rana ba." Nic ce, "Ke kuma yaushe kinka fara noma?"

Da abin yaƙ ƙi ci yaƙ ƙi cinyewa, sai nik kira maƙwabcina na gona, Jibrilla, da wasu manoma uku. Mu biyar, in ka haɗa shekarunmu na noma sun kai ɗari biyu, munka kewaye tukwane muna shawara. Jibrilla yac ce ƙwari na, a yi heshi. Wani yac ce ruwan bai isa ba. Wani yac ce kambun baka na, an cika kallonsu. Na huɗun yad daɗe shina dubawa, yac ce, "To wai in ta girma mi ake yi da ita?" Nic ce tana nan. Yac ce, "Tana ina?" Munka watse ba mu san inda munka dosa ba, amma heshin dai na yi.

Garin neman gira nir rasa ido. Ɗaya bayan ɗaya sunka kwanta. In na ja, sai su taho hannuna, gindin ya zama laka, da warin da kowane mai albasa yas sani, warin ruɓa. Shida sunka tahi cikin wata biyu.

Abin da yah hi yi mani nauyi ke nan za ni faɗa. Kowace Juma'a Muhsin na kirana daga gadon asibiti, in mun gaisa shi ce, "Yaya tukwanena?" In ce, "Lahiya lau suke." Sau bakwai ina yi ma aminina ƙarya shina kwance. Na ce ma kaina don kada hankalinai shi tashi na. Gaskiya ita ta, kunya nike ji a ce manomi ya kasa riƙon abin da ma'aikacin asibiti yar riƙe shekara ashirin da takwas.

Juma'a ta takwas bai ce yaya tukwane ba. Muryatai ta yi ƙasa ƙwarai. Yac ce, "Kalilu, nawa sunka rage?" Nif fara kame-kame. Yac ce, "Faɗi, ba duka za ni yi ba." Nic ce, "Guda." Yac ce wace? Nic ce ta Sista Anna, ita ma ganye uku sunka rage cikin goma sha ɗaya. Yac ce, "Ka toshe hujin, ko?" Nic ce wa yag gaya ma? Yac ce, "Wa za shi gaya mani? Tun aji ɗaya nis san ka." Yay yi dariya har tari yas sarƙe shi, ina jin Hajiya Mairo na cewa shi bari.

Da yal lahwa yac ce, "Fasa simintin. Cire ta, yanke abin da yar ruɓe, sa mata busasshiyar ƙasa da yashi, maida ta inuwa. Sannan ka rabu da ita." Nic ce, "Sai mi?" Yac ce shi ke nan. Nic ce, "Kada in yi mata komi?" Yac ce, "Kada ka yi mata komi. Na san shi za shi hi yi ma wuya." Nic ce, "To kai hwa, mi za ni yi ma? In taho? In sai da albasa a kai ka wani wuri?" Yac ce, "Ni ma hakanan, Kalilu. Addu'a dai." Kwana tara bayan nan Allah yak karɓi abinai.

Na yi yadda yac ce. Wata biyar ke nan tana cikin zaurena. Ba ta mutu ba, ba ta ƙaru ba, ganye ukun nan na tsaye suna kallona. In na zauna kusa da ita hannuna har ƙaiƙayi shike, sai da Dije taɓ ɓoye buta. Ban taɓa sanin akwai aikin da ake yi da naɗe hannu ba. Abin da nil lura da shi kawai, in na dawo gona da marece, kahin in shiga cikin gida sai na tsaya na duba ta, in ga tana nan. Ko shi na abin da shike nuhi, ko wani abu na daban, babu wanda za ni tambaya yanzu.

Kwana goma sha biyu da sunka wuce sai nig ga wani ɗan tsini kore ya huda ƙasa a gehen tukunyar, bai kai ɗan yatsa ba. Jibrilla yaz zo yad duba, yac ce aya-aya ta, ciyawar nan da ke cinye muna fangali, in tuge ta tun ba ta yi saiwa ba. Dije tac ce ɗiyar shukar ta. Ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Shekara arba'in hannuna bai taɓa ganin haki kusa da shuka ya ƙyale ba. Sau uku ina kai hannu ina janyewa, kuma har yau ban tuge ba.

Hajiya Mairo, ki yahe mani. Bakwai mijinki yab ba ni, guda nik kawo, kuma kina zaune gehen gado kina ji ina yi mai ƙarya. Sista Anna, ɗazu kin so ki ɗaga zanen ki duba, nic ce ki dakata. Ba raini ba na, mai ita nike so ta fara gani, daga nan sai ki raba muna gardama, tunda ke kinka san uwarta. Zahra'u, ubanki ya ce hannu da hannu, kuma ban iya haɗa ido da ke ba ranar ta'aziyya saboda wagga tukunya.

Muna godiya ga waɗanda sunka shirya wanga zama, da duk wanda yab bar aikinai yaz zo. Allah shi jiƙan Malam Muhsin, shi yahe mai kurakuranai, shi yalwata kabarinai, shi sa hannun da yat taɓa goshinmu shi zama hujja gare shi ranar hisabi. Allah shi raya abin da yab bari, na gida da na tukunya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah shi sa mu cika da imani, shi maida kowa gidanai lahiya. Amin.

Zahra'u, taso ki karɓa, ki riƙe ta ƙasa don tana da nauyi. Kada ki ba ta ruwa yau. Na sa yatsa da sahe har gaɓa biyu, akwai danshi.