Wayar da ta hana direba sukari

Wayarsa ce ta tona wa direban nan asiri. A ɗakin jiran likita na ji shi da wani malamin makaranta mai riƙe da tsohon littafi.

"Malam, me ke cikin littafin nan ka ƙi ɗago kai?" in ji direban.

"Labarin wata ƙasa ce, Alhaji. Hukuma ta kafa na'ura a kowane ɗaki, ko tari ka yi sai ta ji."

"Har gida aka kawo musu? Sun more. Ni da ƙafata na je na sayo tawa. Likita ya hana ni sukari, 'yata ta taɓa wani abu a wayar, duk inda na taka tana gani. Na ce mata ina gareji, ashe tana kallona a teburin mai shayi."

"Ka riƙa barinta a gida mana."

"Fasinjoji su kira wa?"

"Haka abin yake a littafin. Daga ƙarshe har son masu leƙen nasu suka koma yi."

"Ni tun tana zanin goyo nake son tawa."

"To shayin fa?"

"Ina nan ina sha. Da kanta ta je ta ja wa mai shayin kunne. Yanzu ko ƙwayar sukari ba ya sa mini."