Matakala Tara

A gidan tsofaffinmu na Kota Bharu a ƙasar Malesiya, ina layin ɗakin gashin ƙashi na yi kamar ina gyangyaɗi, kunnena kuwa a buɗe. Wata sabuwar zuwa mai sanda ta zauna kusa da wani dattijo, Pak Derahman, wanda ya shekara uku a nan.

"Bawan Allah, sau nawa ake sa mutum hawa matakalar katakon can?"

"Sau biyu. Likitar akwai tausayi."

"Ni goma nake so. Gidanmu na ƙauye a kan turaku yake, matakala tara. Ɗana ya ce ranar da na hau su ba a riƙe ni ba, zai mayar da ni."

"Da wannan gwiwar mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

"Ta fi taka, kai da aka turo a keken marasa lafiya."

"Ni tsuguno aka ɗora mini. Bayin gidanmu na tsuguno ne, 'yata ta ce sai na iya za ta mayar da ni gida."

"Har yanzu ka kasa?"

"Na iya tun azumin bara."

"To me kake jira? Faɗa mata mana!"

Ya daɗe yana murza gwiwa.

"In na faɗa, sai ta nemo wani dalilin, kuma ba ta iya ƙarya ba. Kunya za ta hana ta zuwa. Yanzu kuwa duk Juma'a tana kawo mini soyayyiyar ayaba, ta tambaye ni ya ƙafa."

Aka kira matar. Ba ta motsa ba.

"Shiga kafin ni," ta ce masa. "Bari in ɗan huta."