Buhun Da Ban Buɗe Ba

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Suleja. Ta sayar da ita ranar kasuwar Bakori, ta ƙulle kuɗin a bakin tsohon ɗankwalinta, ta ce, "Sale, ban ce ka dawo da dukiya ba. Ka dawo mini da sunanka yadda ka tafi da shi." Ni kuwa sai na yi dariya, ƙuruciya tana ɗibana. Kai Nura, ajiye wayar nan, ai kai ne mai tafiya Abuja jibi, saboda kai nake wannan surutu.

Lokacin gwamnati ba ta daɗe da tarewa Abuja ba. Aiki a can, kwana a Suleja, don talaka bai isa ya kama ɗaki a birnin ba. Da asuba mu cika bayan tifa kamar buhunan masara, da magariba ta dawo da mu fari fat da siminti. Ɗakina yana unguwar Magajiya, gidan wani Alhaji Tanko, mutumin da ke sa wa rijiya kwaɗo.

"Wa ya yi wanka sau biyu yau?"

"Alhaji, siminti ne a jikina."

"To simintin ya sayi igiyar guga!"

Haka muke kullum. Amma kada ku ɗauka mugu ne, rowar ruwa kawai gare shi.

Akwai wani ɗan garinmu, Ɗanlami, tare muka yi kiwo muna yara. Wata Juma'a ya shigo ɗakina da buhu a ɗinke, yana haki. Ya ce, "Ajiye mini wannan, zan je Gawu in dawo." Kun dai san yadda muke. Mutum ya kawo maka ajiya, ba ka tambayarsa me ke ciki, tambayar ma zagi ce. Na tura buhun ƙarƙashin gado na tafi masallaci.

Ba a rufa mako ba sai ga 'yan sanda. Suka farke buhun a tsakar gida, gaban matan Alhaji da yara. Wayar lantarki ce fal, wadda aka sace a wani wurin gini. Ɗanlami kuwa ko sama ko ƙasa, har yau ban sake sa shi a ido ba.

Alhaji Tanko ne ya biyo ni ofishin 'yan sanda da kwanon tuwo. Ya matso jikin ƙarfen ɗakin da aka kulle ni ya yi ƙasa da murya.

"Yaro, gobe in an kai ka kotu, ka amsa kawai."

"Alhaji, wallahi ban san me ke ciki ba."

"Na sani. Amma in ka musa, sai ka shekara a gidan yari kana jiran shari'a. In ka amsa, tara ce, ka biya ka kama gabanka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma abin da kowa ke faɗa ke nan a lokacin. Aka karanta mini laifin karɓar kayan sata, na ce na amsa. 'Yan garinmu da ke Suleja suka yi karo-karo aka biya tarar. Kafin a sake ni, wani ɗan sanda ya kama yatsuna goma, ya dangwala su a baƙar tawada, ya danna a takarda ɗaya bayan ɗaya. Da na koma gida Alhaji da kansa ya buɗe mini rijiya. Na dirje hannuna da sabulu da toka har tawadar ta fita, na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Shekaru suka ja. Na bar aikin lebura, na koyi tuƙi, na yi lasisi. Na zo gida na auri gwaggonku Hajara, na bar ta wurin Inna, don ɗakina na Magajiya ko akuya ba ta juyawa a ciki. Sai ga wani kamfanin Turawa masu gina hanya yana neman direban injiniya. Aiki na dindindin, da gida mai ɗaki biyu, da katin asibiti. Wannan gidan nake so, in ɗauko Hajara da 'yar da Allah ya ba mu, mu zauna wuri ɗaya kamar mutane.

Shugaban direbobin wani mutumin Filato ne, Oga Matiyu. Ya gwada ni a hanya, ya ce ban da tsara a cikin waɗanda suka zo.

"Saura kiliyaran," in ji shi.

"Shi kuma ina ofishinsa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe takardar 'yan sanda ce, mai shaida ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. A ɗauki zanen yatsunka a aika Legas, a duba. Na je na miƙa hannu ina fara'a. Wallahi ko kaɗan buhun bai faɗo mini a rai ba. Har na sayi katifa, na aika wa Hajara ta fara ɗaure kaya.

Ranar da amsa ta zo, Oga Matiyu ya ja ni gindin wata bishiyar mangwaro, ya ƙi kallon fuskata.

"Sale, me ya sa ba ka gaya mini ba? An taɓa yanke maka hukunci."

"Oga, ai na biya tara! Tuni aka gama."

"Tarar ce ta ƙare. Rubutun yana nan."

Bawan Allahn nan bai bar ni haka ba, ya kai ni wurin wani lauya ɗan cocinsu. Lauyan ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ka san kayan na sata ne?" Na ce ban sani ba. Ya dafe kai. Ya ce a doka ajiye kaya kawai ba ya zama laifi sai an tabbatar mutum ya san na sata ne, ko yana da dalilin zargin haka, kuma masu ƙara ne za su kawo hujja. "Kai da bakinka ka sauke musu nauyin. Lokacin ɗaukaka ƙara kuma ya wuce." Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na zauna a bakin titi ina kuka, ƙato da ni, masu acaba suna kallo.

Na gwada wasu wuraren. Duk inda aikin ke da kyau, sai a ce kawo yatsunka. Na gaji, na sayar da katifar, na hau motar Funtuwa na dawo gida.

Inna ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban iya ba ta labari ba. Bayan 'yan watanni, wata ranar da hantsi, ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wani ƙunshi a tsohon zane.

"Ajiye mini wannan a wurinka."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Inna, me ke ciki?"

Ta dube ni. Sannan ta sa hannu tana kwance ƙullin a hankali. Farin alawayyo ne a ninke, da ɗan turare a gefe. Likkafaninta ne.

Ta ce, "Duba da kyau, ɗana. Ban san abin da suka yi maka a can ba, amma wannan nawa ne, da kuɗin gyaɗata na saya."