Man Kifin Baba Ya Ƙare a Zaure

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙunmu a akwatin rediyo. Ni ne Umaru maɗinki daga Argungu, kuma raina a ɓace yake.

Mahaifina tsohon masunci ne. Tun bayan damina barci ya ƙaurace masa, ƙafafunsa na rawa, ko gora ba ya iya ɗauka zuwa gulbi. Na taka keke wuni guda har Birnin Kebbi. Malamin asibiti ya ba ni kwalbar man kifi irin na Turawa, ya ce cokali ɗaya kowace safiya har wata guda, kuma Baba ya rage cin goro.

Bayan kwana huɗu na tarar da kwalba wayam. Ashe a zaure ya ajiye ta. Duk tsohon da ya zo gaisuwa sai Baba ya ɗura masa cokali guda, baƙon kuma ya saka masa da goro!

Na ce, "Haba Baba, wanga magani naka na, kai ɗai!"

Ya ce, "Umaru, shekara hamsin tare munka ci kifin gulbin Rima. Don yau kifi ya zo cikin kwalba, in ɓoye musu?"

Jiya ya faɗi a bakin gulbi, da ƙyar aka tashe shi.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ina gaida tsofaffin zaurenmu, waɗanda duk suka ce sun ji ƙarfi. Mai maganin ne kaɗai bai ji ba, yanzu kuma Baba ya ce wai in koma in karɓo musu kwalba shida.