Na'urar da ke Shan Iska a Taga

A bencin mai gyaran waya, wani dattijo ya ɗora na'urar intanet ta gidansa a cinya, ransa a jagule. Wani direban motar haya da ke gefensa ya leƙo.

"Baba, lalacewa ta yi?"

"Data take zuƙewa, ɗan nan. 'Yata nake zargi da kallon finafinai, ga jarrabawa a gabanta. Har wayarta na ƙwace. Kwana uku ke nan ko kallona ba ta yi."

"A ina kuke ajiye na'urar?"

"Kan taga, ta riƙa shan iska."

"Bayanta na kallon titi? Ai lambar sirrin tana manne a nan, duk mai jiran mota zai karanta. Ku sa a canja lambar, ku mayar da na'urar tsakiyar ɗaki."

Dattijon ya juya na'urar, ya ga takardar lambar manne a bayanta, ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Ashe na ɗauki alhakin yarinya."

"Sosai kuwa. Ai in ba don koren labulen nan yana rufe lambar ƙarshe ba, da abin ya fi haka."

"Wa ya ce maka labulena kore ne?"

Direban ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Baba, kamar motata ta cika."