Birnin Kebbi zan tafi, ba Kaduna ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sani ne daga Roni, gyaran injin ban ruwa ne sana'ata.

Da na yanke shawarar barin Jigawa, sai aka taru a gida aka zaɓa mini Kaduna, saboda ƙanin mahaifiyata, Kawu Idi, yana can. A gidanmu ba a zuwa garin da ba ka da ɗan'uwa. Har ɗaki Kawu ya share mini.

Na je na kwana uku, ban ji ƙarar injin ko ɗaya ba a unguwarsu. Kawu ya ce, "Rabu da injin nan, na samo maka gadi."

Daga nan na wuce Birnin Kebbi. Ban san kowa ba, amma ina shiga fadamar shinkafa na ji injina biyu suna tari. Kafin la'asar na gyara su.

Yanzu Inna ba ta amsa gaisuwata, wai na kunyata ƙaninta. Masu sauraro, yaya zan lallashe ta? Shawarar fasa tafiya kam, ku riƙe abarku.

Ina gaishe da Kawu da girmamawa. Ɗakin nan a zuba masara a ciki, kayan aikina sun riga ni gaba.